Tamanin da Ɗaya

Malam Hudu bai taɓa buga ƙwallon Amirka ba, kuma har gobe in ka tambaye shi zai ce maka wasan mahaukata ne: ƙatti su kifa kwalkwali a kai, su yi ta tunkuyar juna a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Amma sama da shekara ashirin shi ke jan motar kulob ɗin Frelons na Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon. Shi ke kai ƴan wasa duk garin da za su buga, ya dawo da su da kumburarrun leɓɓa suna waƙa ko suna zagin alƙali. Ɗansa ne ya jawo shi cikin wannan hauka.

Ɗan nan shi ne na fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar musu shi da matarsa Hassia. Sunan mahaifin Malam Hudu aka sa masa, Salmanu. To, ka ji inda ƙullin yake. Ɗan fari, kuma mai sunan uba. Mutumin Damagaram da ya san kansa ba ya buɗe baki ya kira wannan suna, ba ya yabon yaron a gaban mutane, ba ya ma nuna ya san da zamansa a ɗaki. Alkunya ke nan. A can gida abin ba ya yi wa kowa ciwo, don akwai kaka mai goyo, akwai gwaggo mai kirari, akwai kawu mai sayo takalmin salla. Yaro na tashi cikin hannuwa da yawa, shirun uban ma ba ya jin sa. Amma a hawa na shida na wani dogon bene a Vaulx, ina kaka, ina gwaggo? Hassia ta gane haka tun yaron yana rarrafe.

"In ni ban kira shi ba, kai ba ka kira shi ba, wa zai kira shi?" in ji ta. "Mai gadin bene?"

Ta naɗe alkunyarta ta ajiye, ta riƙa kwaɗa masa kira daga tagar kicin har unguwa ta haddace sunan. Malam Hudu kam ya kasa. "Kai" yake cewa, ko "yaro", in kuma da baƙi ya ce "wannan".

Sai yaron ya girma ya shiga ƙwallon Amirka. Aka sa shi cikin masu cafka, waɗanda ke sheƙawa da gudu can gaba, mai jifa ya wurgo musu ƙwallo ta sama su kama. Aka ba shi riga mai lamba tamanin da ɗaya. Ranar da Malam Hudu ya fara ganin lambar nan a bayan ɗansa, wani abu ya kwance masa a ƙirji. Ai lamba ba suna ba ce. Babu wata al'ada da ta hana uba kiran lamba. Ya tsaya a bakin fili ya buɗe maƙogwaro yana kiran lambar da Faransanci, "Quatre-vingt-un, allez, quatre-vingt-un", har muryarsa ta dishe. Daga fili abin ya biyo su gida: "Tamanin da ɗaya, zo ka ci abinci." Duk son da yake yi wa yaron, wanda ya rasa ta inda zai fitar da shi, cikin lambar nan ya juye shi. A ganinsa yaron ya gane.

Yanzu Hassia ta rasu. Salmanu ya bar wasa tun da gwiwarsa ta lalace, ya koma Clichy-sous-Bois kusa da Paris, ya yi aure, yana aikin gyaran asansar, akwatin nan da ke hawa da mutane bene. Yakan kira ranar Juma'a, su gaisa, ya tambayi jiki da sanyi, a ajiye waya. Malam Hudu ya saura shi kaɗai da rediyo da ƴar butar shayin da har yanzu yake cikawa ta mutum biyu, ya sha rabi ya zubar da rabi. Tun ranar da aka fita da Hassia, ba a sake ambatar sunan yaron a gidan nan ba. Kaɗaici ya ci mutumin, ko da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata Talata da hantsi Odile ta kira shi. Ita ce shugabar kulob, mace mai saurin magana da ba ta san a tsaya a gaisa ba. Ta ce kulob zai cika shekara talatin, kuma za su yi irin abin da Amirkawa ke yi wa gwanayensu: bangon girma. A kowane gurbi na fili za a zaɓi mutum ɗaya, a sa rigarsa cikin gilashi, a rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Sauran gurabe an gama da su ba gardama. Saura masu cafka, kuma mutum biyu ne a gaba, wani Christophe da kuma ɗan Malam Hudu.

"Na san ɗanka ne, Monsieur Hudu," in ji ta, "amma babu wanda ya ga wasanninsu duka su biyun in ba kai ba. Kwamitin mutum biyar ne, kana ciki. Ranar Asabar."

Ya ajiye wayar, shayi na hucewa. Ya hango bangon. Ya hango sunan a rubuce, wani ne zai rubuta, wani ne zai karanta da lasifika ranar biki, shi nasa kallo ne kawai. Yaron zai zo daga Paris, ya tarar da sunansa a sama, a kuma gaya masa ubansa na cikin waɗanda suka ɗora shi. Wannan zai faɗi abin da bakin Malam Hudu ya kasa faɗa. Ranar nan sai da ya goge takalminsa, alhali Asabar da saura.

Ɗakin taron kulob ɗin ɗan ƙarami ne a gefen fili, yana warin jiƙaƙƙiyar safa da ƙonannen kofi. Ban da shi da Odile, akwai Claire mai gyaran targaɗen ƴan wasa, da Bouba tsohon koci, mutumin Garwa kuma abokin shan shayin Malam Hudu, da Abakar ɗan Cadi, wanda ya daɗe yana mai jifa har ya jefa wa mutanen biyu ƙwallo, kowa a zamaninsa.

Odile ta fara. "Christophe ya yi kakar wasa goma sha biyu. Babu wanda ya kai shi ci a tarihin kulob. Bai taɓa fashin horo ba, kuma da shi muka ɗauki kofi. Ni ban ga abin musu ba."

"Ni na gani," in ji Bouba. "Christophe ya zo ya tarar da tuwo a tuƙe. Wa ya tuƙa? Lokacin da Salmanu ya fara muna can ƙasan ƙasa, kwalkwali ma aro muke yi. Shi ya hawo da mu. Mutum biyu ake sa masa a kowane wasa, wani lokaci uku, kuma ya kama."

"Kaka biyar kawai ya yi," in ji Claire. "Ina son sa, ni na ɗaure masa gwiwar nan. Amma bangon na wa ne, na wanda ya fi haske ko na wanda ya fi daɗewa? Amirkawan ma a kan wannan suke ta faɗa, mutum ya shekara goma yana jira a bakin ƙofa."

"Don ba su da hankali," in ji Bouba. "In daɗewa ce, a rataye rigar mai shara."

"In ba daɗewa ba ce, a rataye rigar duk wanda ya yi wata kyakkyawar Lahadi guda."

Aka yi ta yi. Odile ta ce ci shi ne ci, ba a ba da maki don kyan tsalle. Bouba ya ce rabin cin Christophe a kan ƙananan kulob-kulob ya same shi, bayan wasa ya riga ya mutu. Claire ta ce Salmanu tun da ya tafi bai sake tako filin nan ba, Christophe kuwa har yau yana zuwa taimako. Bouba ya ce ba takarar ladabi ake yi ba. Abakar dai yana ta murza kofinsa har sai da Odile ta zungure shi.

"Ni na jefa musu," in ji shi a hankali. "Christophe yana kama duk abin da na jefa daidai. Wallahi bai taɓa ba ni kunya ba. Salmanu kuwa kuskurena yake kamawa. In na makara, in na jefa sama da yawa, in na jefa don kawai in tsira da haƙarƙarina, sai in ɗaga kai in gan ta a hannunsa."

Malam Hudu yana zaune yana kallon gogaggen takalminsa. Duk yabon da aka yi wa yaron sai ya ƙara sunkuyar da kai, kamar ana karanto masa laifinsa, cikinsa kuwa fari ƙal. Da Odile ta nemi jin ta bakinsa, ya yi abin da uban kirki ke yi. Ya yabi Christophe, ya yabi haƙurinsa da ladabinsa da uwar da ta haife shi. Game da ɗayan kuwa ya ce, "Wancan ma ya ɗan taɓa ƙoƙari."

Aka zo ƙuri'a, kowa ya faɗi nasa da baki. Odile da Claire suka ce Christophe. Bouba da Abakar suka ce Salmanu. Idanu suka juyo kan Malam Hudu. Ya gyara zama, ya faɗi abin da ya shirya tun Talata.

"Quatre-vingt-un."

Claire ta yi dariya. "Wanne? Ai su duka biyun tamanin da ɗaya ne."

Gaskiyarta. Bayan tafiyar Salmanu, Christophe aka ba lambar. Malam Hudu ya shekara goma sha biyu yana ganin ta a bayan Christophe, amma bai taɓa kiran sa da ita ba, Christophe yake ce masa. A wurinsa tamanin da ɗaya guda ce a duniya, shi ya sa abin bai ko faɗo masa a rai ba.

"Faɗi sunan kawai, Monsieur Hudu," in ji Odile.

Ya buɗe baki. Sunan ya taso har maƙoshi ya tsaya, ga mutum huɗu suna kallon sa. Ya kira sunan ubansa a gaban mata biyu, kuma don ya ba ɗansa girma da bakinsa? Zufa ta karyo masa duk da sanyin ɗakin. Sai ya koma ga abin da ya gada, abin da ya ga ubansa na yi a ƙofar gida duk sa'ad da aka zo rabon wani abu da ɗansa ke ciki. Ya ɗaga hannu ya ce da Faransanci, a ba ɗan mutane.

Ya jingina da kujera yana jira. Don a Damagaram maganar ba a nan take ƙarewa ba. Uba ya yi kara, sai jama'a su rama masa da kara. Su ce a'a Malam, ba za a yi haka ba. Ya ƙi, su sake. Ya ƙi, a karo na uku su ce mun fi ƙarfinka, su ba ɗansa, shi kuma ya kau da kai kamar an zalunce shi. Kowa ya tashi da mutuncinsa.

"Donc Christophe," in ji Odile. "Uku da biyu."

"Tsaya," in ji Bouba, ya miƙe. "Ba haka yake nufi ba."

Odile mace ce mai adalci, ba za a ɗauke mata wannan ba. Ta juyo ta dube shi sosai. "Monsieur Hudu, kana so ka canza?"

Karo na biyu ke nan, kuma a karo na biyu ƙi ake yi. "A'a, a'a," in ji shi, yana girgiza kai.

Ba a yi na uku ba. Odile ta ɗauki jakarta. Claire ta zagayo ta riƙe hannunsa da hannu biyu, idonta da ƙwalla, ta ce ba ta taɓa ganin mutum mai gaskiya irinsa ba. A waje, Bouba ya tsaya yana kallon sa cikin yayyafi.

"Hudu, me ka yi haka?" in ji shi da Hausa. "Shekarunka nawa a ƙasar nan? Waɗannan in ka ce ba ka so, cewa suke to."

Washegari aka sanar a zauren kulob na waya, inda tsoffin ƴan wasa duka suke, har da na Paris. Aka taya Christophe murna. Claire, da kyakkyawar niyya, ta ƙara da jinjina ga Monsieur Hudu, wanda ƙuri'arsa ce ta raba gardama, ya zaɓi cancanta a kan ɗansa na cikinsa. Aka yi ta aiko da hoton tafi.

Juma'a ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Malam Hudu ya ajiye ta kusa da butar shayi, ya ɗauke ta ya duba ko ta mutu, ya mayar. Wata Juma'ar ma haka. Ya kira, ta yi ta ringi har ta gaji. Da ya gaya wa Bouba, Bouba bai tausaya masa ba ko kaɗan.

"Tashi ka tahi," in ji shi. "Ba gwaggon da za ta je maka."

Ya buɗe akwatin Hassia ya ciro rigar wasan yaron, wadda ta wanke ta ninke ta ajiye tare da zannuwanta na biki. Lamba ce kawai a bayanta, kulob ɗin ba shi da halin buga sunaye a lokacin. Ya sa ta a ƙasan jaka. Ya hau tiram zuwa tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, ya hau jirgin Paris, ya zauna kusa da taga yana kallon gonaki da shanun da ba su da makiyayi. Duk hanya yana shirya abin da zai ce, kuma duk abin da ya shirya da "kai" yake farawa.

Latifa ce ta buɗe masa ƙofa, matar Salmanu, wadda iyayenta mutanen Maraɗi ne. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa da dabino, ta ɗora tukunya. Gab da magariba Salmanu ya shigo da kayan aiki, yana ɗan jan ƙafar hagu kamar yadda yake yi in sanyi ya sauka. Ya ga ubansa a kan kujera. Ya ajiye jakar ƙarafansa, ya rage tsawo, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, hanya da gida da jiki da mutanen Vaulx. Babu abin da ya rage a gaisuwar, kuma babu ɗumi a cikinta ko kaɗan. Suka yi salla, suka ci shinkafa, cokula kaɗai ke magana. Da aka gama Salmanu ya kwashi kwanuka ya shige kicin ya sakar musu ruwa.

Malam Hudu ya dubi Latifa, ya ɗaga murya yadda za ta wuce ƙarar famfo.

"Ke ba ki taɓa ganin yaron nan yana wasa ba," in ji shi. "Kin yi rashi. Akwai wata rana a Saint-Étienne, ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama kunu. Saura kaɗan a tashi, ana cin mu. Abakar ya ga ƙatti sun taho masa, ya rufe ido ya wurga, jifar banza, ko tsuntsu bai kai can ba. Mutum biyu na manne da yaron nan. Ya tashi sama a tsakaninsu, ban san da me ya taka ba, ya taɓa ta da ƴan yatsu, ta juya, ya bi ta ya rungume, ya faɗo ta baya. Na ce shi ke nan ya karye. Sai ga hannu ya ɗago da ƙwallo."

Famfo ya yi shiru a kicin. Malam Hudu ya ci gaba, maganar da ya kamata ya yi a ɗakin taro tana ta zubowa. Ya faɗi yadda yaron ke tare wa wasu hanya da jikinsa in ƙwallon ba tasa ba ce, abin da ba a ƙirgawa kuma ba a tafa wa. Ya faɗi yadda yake fita gudu da asuba cikin ƙanƙara, shi kuma yana leƙen sa ta bayan labule.

"Christophe yaron kirki ne," in ji shi. "Amma wallahi bai kama ƙafar yaron nan ba. Ba a yi kamarsa a kulob ɗin ba, ba kuma za a yi ba."

"Wane yaro, Baba?"

Salmanu ne tsaye a ƙofar kicin, tsumma a hannu. Bai ɗaga murya ba. Malam Hudu ya dubi tabarmar salla da ke naɗe a lungu.

"Bangon bai dame ni ba," in ji Salmanu. "Christophe ya cancanta, douze saisons, kaka goma sha biyu, ba wasa ba ne. Da ni aka tambaya, wataƙila shi zan zaɓa. Amma Abakar ya gaya mini yadda aka yi. An ce ka faɗi suna kawai." Ya ninke tsumman ya sake warware shi. "Ranar da gwiwata ta tafi, ina kwance a ƙasa, likitan ɗayan kulob ɗin ya durƙusa ya tambaye ni sunana. Ya yi ta kira na da shi don kada in suma. Mutumin da bai taɓa gani na ba. Kai kuma ina jin ka daga sama: quatre-vingt-un, tashi."

Malam Hudu ya tuna ranar. Ya tuna yadda ya tsallake shingen ƙarfe da tsufansa har wandonsa ya yage, ya tuna shi ya riƙe kan gadon da aka ɗauke yaron, ya tuna bencin asibiti. Bai faɗi ko ɗaya ba, don wannan ma yabon kai ne.

"Sunan Babana ne," in ji shi. "Kuma kai na hwari ne. A Damagaram, da na ce a ba ɗan mutane, da sun ƙi. Sai sun ba ka."

"A Vaulx aka haife ni, Baba. Mama ta gane wannan."

Latifa ta tashi ta ce bari ta gyara wa Baba shimfiɗa. Maganar ta tsaya a nan.

Da safe Salmanu ya raka shi har Gare de Lyon, tashar da ke tsakiyar Paris amma take ɗauke da sunan garin da za ka koma. Ya riƙe masa jaka duk hanya, ya tare masa turereniya a jirgin ƙasan ƙasa, ya duba masa allon ya nuna masa layin da jirginsa ke tsaye. Ɗa ne mai ladabi, ba wanda zai ce ba haka ba. A bakin shingen da ake nuna biye, wato tikiti, ya miƙa masa jakar.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba. A gaida Baba Bouba."

Ya juya ya shiga cikin mutane. Sai a lokacin Malam Hudu ya tuna da rigar da ke ƙasan jaka. Ya ɗaga kai. Yaron na tafiya cikin baƙar rigar sanyi irin ta kowa, babu komai a bayanta, yana ɗan jan ƙafar hagu.

"Quatre-vingt-un!"

Mutum biyu-uku suka ɗaga kai suka dubi allon jirage. Salmanu bai juyo ba. Amma ya ji, don kafaɗunsa sun motsa, ya kuma tsaya cak a bakin matakalar nan mai tafiya da kanta, mutane na kewaye shi. Ya tsaya da bayansa a juye. Malam Hudu ya san wannan tsayuwa, shi ma ya yi irinta a kan kujera a ɗakin taro. Jira yake a sake kira.

Ya ji sunan ya taso, ya wuce maƙoshi, ya zo bayan haƙora. Ya tuna fuskar ubansa, ya nemi gafararsa a zuci. Kafin ya gama duk wannan, lasifikar tasha ta buga ƙararrawarta, wata mata ta hau sanar da jirgin Marseille. Sunan ya fito ƙasa-ƙasa, shi kansa da ƙyar ya ji. Salmanu ya ɗaga ƙafa ya taka matakalar, ta sauka da shi a hankali, kafaɗu, wuya, kai.

"Kana neman wani ne, monsieur?"

Wata tsohuwa ce da ɗan kare a hammata, ta tsaya tana kallon sa da tausayi.

"Ɗana," in ji shi.

"Ya sunansa?"

"Salmanu."

Ya fito sumul. Rufin tasha bai faɗo ba, kare ma bai yi haushi ba.

"Salomon?"

"Salmanu."

"Sal-ma…"

"Salmanu," in ji shi, yana rarraba mata gaɓoɓin kamar malamin lakwal a gaban ƴan aji ɗaya.

"Suna mai daɗi," in ji ta, ta gyara karenta ta wuce.

Ya bi ta da kallo. Tun da aka raɗa wa yaron suna, matar nan ce ta farko da ta ji shi daga bakinsa, har sau uku, kuma kafin ta kai ƙofa za ta manta. Baƙin ciki ya tokare shi, ya ji haushin kansa irin wanda bai taɓa ji ba. Mai duba biye ya yi masa alama cewa za a rufe.

Kujerar kusa da shi babu kowa. Ya ciro rigar ya shimfiɗa a cinya. Jirgi ya fara motsi. Ya ɗauko wayar, ya nemo hoton yaron, ya ɗora babban yatsa a kan ɗan maɓallin da yake dannawa in zai aika gaisuwar murya Damagaram. Bai yi sallama ba, bai tambayi gida ba. Ya faɗi sunan sau ɗaya, a fili, har mutumin da ke gabansa ya waiwayo. Ya ɗage yatsa, saƙon ya tafi.

Jifa ce mara kyau, shi ma ya sani. Ta makara ƙwarai, kuma da ido rufe aka yi ta. Maganar Abakar ta faɗo masa a rai, cewa yaron kuskure yake kamawa, ya riƙe ta don ba shi da wata.

Alama ɗaya ce ta fito a gefen saƙon, toka-toka: ya tafi, amma bai isa ba tukuna. Yaron na can ƙarƙashin ƙasa, inda waya ba ta kamawa. Benayen Paris suka ƙare, gonaki suka fara. Malam Hudu ya riƙe wayar da hannu biyu a kan rigar, yana kallon alamar.